Nutso Ake Cewa

Yawuri, Lahadi 14 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Rahma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Injiniya Jabiru da yarinya Sumayyah. Ya aikin asibiti, ya sanyin Riyad? Allah ya taimaka.

Na zaɓi in rubuto miki ta imel maimakon in kira, domin a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Wannan kuwa sai kin karanta ta har ƙarshe kafin ki samu bakin magana.

Shekaranjiya Juma'a 'yarki ta kira Inna kamar yadda ta saba. Ina zaune a wurin, da kunnena na ji. Bayan sun gama tsokanar juna irin ta kaka da jika, Inna ta tambaye ta me za ku yi da hutun makaranta. Yarinyar nan tana dariya ta ce, "Kaka, za mu shiga kwale-kwale ni da Mama, mu je tsakiyar teku mu nutse." Inna ta ce, "Ku me?" Ta maimaita mata, har da ƙarin cewa sai kun ga kifayen da ke ƙasa. Wayar ta suɓuce daga hannun Inna. Da ƙyar ni da matata Bilƙisu muka kai ta ɗaki. Jininta ya hau, har yau ba ta ci abin kirki ba.

Na san yarinya ce, Hausarta kuma ta 'yan Saudiyya ce, wannan ma laifinki ne. Amma kwale-kwalen ba daga kanta ta ƙirƙiro shi ba.

Ko kin manta ne? Shekara ashirin da shida ke nan da kogin nan ya ci ɗan'uwanmu Ɗan'iya. Kina cikin jirgin, ke Allah ya fitar. Ranar sadakar uku Inna ta rantse a gaban mutane, ta ce wallahi duk ɗan da ta haifa ya sake taka kwale-kwale, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Makarantar da nake shugabanta tana kallon ruwan nan, amma tun ranar ban ƙetare shi ba. Bikin ƙetare, jana'izar ƙetare, sai dai in aika. Ke da ke zaune a tsakiyar hamada, inda Allah ya raba ki da fitinar, ke ce za ki ɗauki ƙafa ki je neman ta.

Ina jiran bayani, kuma ina so ya zama na hankali, domin zan buga takardar in karanta wa Inna. Ta ce kada wanda ya sake miƙo mata waya.

Ki gai da mutanen gida. Wassalam.

Yayanki,
Ghazali

*

Nasiriya, Riyad, Talata 16 ga Disamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina gai da Anti Bilƙisu da yara. A duba min Inna, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah a tabbatar tana shan ƙwayar safe, kuma a rage mata gishiri da dunƙulen magi, na san halinta.

Daga dawam, wato wurin aiki, na fito na tarar da saƙonka, na karanta shi a jirgin ƙasa daga Ulaya zuwa gida, har na kusa wuce tashata don takaici. Yanzu saurara, tunda ka ce ba na barin mutum ya kai aya.

Ba wanda zai nutse. Nutso Sumayyah take nufi. Da Larabci ta yi tunanin maganar, ta juyo ta Hausa, harafi ɗaya ya ɓace mata a hanya. Da aka ga tsohuwa ta firgita, me ya hana a kira ni a lokacin? Kwana biyu kuka bar ta da hawan jini kana tsara wasiƙa da aya da waƙafi. Ita kuma yarinyar tun Juma'a take kuka, tana cewa ita ta kashe Kaka.

Ga yadda abin yake. Shekara uku rabon da hutuna da na Abban Sumayyah su haɗu, bana suka haɗu. Za mu shiga babban jirgin ruwa daga Jidda, kwana huɗu a Bahar Maliya. In na ce babba, ya fi unguwarmu ta Yawuri mutane, da masallaci da asibiti a cikinsa. Kakanninmu ma da jirgin ruwa suke ƙetarowa hajji, ba a ce sun yi saɓo ba. A rana ta uku jirgin zai tsaya a wani gari, kowa ya sauka ya yi yawon da ya zaɓa tun daga gida. Akwai bas da zai kai mutane tsohuwar kasuwa da wani dutse. Akwai zama a bakin teku kana kallon ruwa kamar mai gadinsa. Sai na uku, wanda Sumayyah ta ƙwallafa rai a kai, sunansa katamaran.

Ba kwale-kwalen Yawuri ba ne, Yaya. Jirgi ne mai ciki biyu, kamar a jera jirage biyu a haɗe su da faffaɗan dakali, da wani babban ƙyalle a sama da iska ke turawa. Saboda faɗinsa ba ya kifewa da sauƙi. Ana ƙirga mutanen da za su hau, ba a ɗora buhun masara da babur da awaki a kansu. Kowa sai ya sa rigar ceto kafin ya taka. A kai ku inda ruwa yake garau, a ba ka gilashin ido da bututun numfashi, ka kwanta a saman ruwa kana kallon kifaye. Akwai masu ceto a gefe, akwai mace mai kula da mata, kayanmu kuma sun rufe jiki daga kai har idon sawu. Iyakar nutson ke nan.

Kuma don hankalinku ya kwanta, Sumayyah ta iya ruwa. Shekararta biyu tana koyo a wurin ninƙaya na mata, har lambar yabo ta ciyo. Abbanta ya zaɓi bas, shi ko a lilo jiri yake yi. Ni zan raka ta, domin ba a ɗaukar 'yar shekara sha uku ba babba.

Ana rufe zaɓin ranar Laraba, ƙarshen wata. Ka karanta wa Inna a hankali, ka bar muryar asambule a makaranta.

Akwai dabinon da na saya mata a kasuwar Utaiƙa, na ba masu dawowa daga Umara. A gaishe ta.

Ƙanwarka,
Rahma

*

Yawuri, Juma'a 19 ga Disamba

Rahma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa. Saƙonki ya iso, na karanta wa Inna shi tsaf, da muryar da Allah ya ba ni.

Maganar babban jirgi ba ta ce komai ba. Na tambayi liman, ya ce rantsuwa tana bin lafazinta, ita kuwa kwale-kwale ta ambata. Wannan ku je, Allah ya tsare.

Amma da na zo wurin bayanin abin nan naki mai suna kamar na maganin tari, sai ta tsayar da ni ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Wato guda ɗaya na hana, ita ta haɗa biyu." Gaskiya kuwa ta faɗa. Ki sa masa ƙyalle, ki sa masa rawani ma in kin so, kwale-kwale ne.

Sai kuma abin da ya fi ci min rai. Shekara biyu kina jefa jikar Inna a ruwa, kina kiran mu kowace Juma'a, ba ki taɓa faɗa ba. Kin zo hutu bara, kin ci tuwo da mu a kwano ɗaya, da wannan a cikinki. In kin san daidai kike yi, me ya kawo ɓoyo? Yarinyar da ba ta iya bambanta nutso da nutsewa da harshen uwarta ba, ita aka samu lokacin koya wa iyo.

Kina ta lissafa min rigar ceto da masu ceto. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Rahma. Kuma ko da ba digon hatsari a ciki, bakin uwa fa? Kin yi karatu, kina aiki da Turawa da Larabawa, Allah ya ɗaukaka ki. Duk wannan albarkar wa kike ci? Za ki sayar da ita don kallon kifi. Kifin da in kin zo Yawuri zan sa a kawo miki kwando guda ki yi ta kallo har ki gaji.

Ga hukuncina a matsayin babba. Ki zaɓi bas, ki bi mijinki kasuwa. Ki cire yarinya daga wurin iyon nan. Ki rubuto wa Inna ban haƙuri. Ta ce in gaya miki, in kika taka abin nan, kada ki sake kiran ta uwa. Ba ta ɗaga murya ba da ta faɗa, kin kuwa san abin da hakan ke nufi.

Ki ji tsoron Allah ki tuna Ɗan'iya.

Wassalam,
Ghazali

*

Riyad, Asabar 20 ga Disamba

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Ni kake ce wa in tuna Ɗan'iya? Kana makarantar kwana a Kwantagora ranar, sai da aka binne shi ka iso. Abin da ka sani duk ji ka yi. Ni kuwa kowace safiya da shi nake tashi. To halas, shi ke nan, tunda ka taɓo, yau za ka ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mijina.

Ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi yarinya 'yar shekara goma ta fita, yaro ɗan sha biyu bai fita ba? Kuka ce Allah ne ya fitar da ni. Haka ne, amma da sababi. Na iya ruwa, Yaya. Tun ina shekara bakwai, in aka aike ni kai niƙa, sai in ajiye kwanon in bi 'ya'yan masunta bayan kasuwar kifi. Su suka koya min. In fito in shanya zanina a kan dutse in dawo gida in ce layi ne a injin. Shi kuwa Ɗan'iya, da yake bayan wabi uku aka same shi, Inna ba ta bari ko inuwarsa ta kai bakin kogi. Duk Yawuri shi kaɗai ne namijin da sa'o'insa ke yi wa waƙar ɗan tudu. Sau biyu yana roƙona in tafi da shi, na ƙi, don na san in Inna ta neme shi ta rasa, asirina ne zai tonu.

Ranar da Gwaggo ta shawo kan Inna da ƙyar ta ɗauke mu zuwa suna a ƙetare, ba a tsakiyar kogi jirgin ya kife ba, kamar yadda ake faɗa a gida. Muna ganin mutanen gaɓa, har ina iya gane launin rigunansu. Duk yaron da ya iya ruwa ya fita da kansa. Ɗan'iya ya kamo ni ta wuya. Wanda bai iya ruwa ba ba ya riƙo, hawa yake yi. Muka yi ƙasa tare sau biyu. A na uku na sa ƙafa na tokare ƙirjinsa na fizge. Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai. Na fid da kaina, Yaya. Kaina kaɗai.

Da ya iya ko rabin abin da na iya, da yau yana nan da 'ya'yansa. Kogi bai ci shi don ya shiga kwale-kwale ba, duk garin shiga suke yi. Tsaron da aka yi masa ne ya kai shi ruwa hannu rabbana. Ana gama binne shi kuma aka ƙara wa tsaron kwaɗo, aka ce rantsuwa. Kai ka bi, ana yaba maka. 'Ya'yanka huɗu suna kwana suna tashi a bakin Kwara, ba wanda ya iya fid da kansa daga ruwan da ya kai wuya. Wannan kake kira biyayya.

Ranar da na fara kai Sumayyah wurin iyo, a banɗaki na ɓuya ina amai don tsoro. Ban fasa ba. Na yi wa Allah alkawari 'yata ba za ta mutu da hannunta a wuyan wani ba. Ni kuma tun ranar nan ban sake shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. So nake sau ɗaya in kwanta a kan ruwa, 'yata a gefena tana iyo da kanta, in leƙa ƙasa in ga kifi, in ga ba fuskarsa ce a wurin ba. Ga kallon kifin da kake yi wa dariya.

Ina son albarkar Inna fiye da yadda kake zato. Amma na gaji da a ce in tuna, alhali ni kaɗai ce ban taɓa samun mantawa ba.

Karanta mata ko kada ka karanta, ya rage naka.

Rahma

*

Yawuri, Laraba 24 ga Disamba

Rahma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa.

Kwana uku ina fara rubutu ina gogewa. Abin da ya same ki a ruwa kina yarinya, Allah ya sani ba ki da laifi, kuma na yi kukan da ban yi ba ranar da na iso na tarar da kabari. Amma ki dubi tsohuwar da ta binne 'ya'ya huɗu ki ce ita ta kashe na huɗun, wannan ban yafe miki ba tukuna. Maganar 'ya'yana kuma ta shige ni, ba zan ɓoye ba, sai dai ba ke za ki koya min riƙon gida daga Riyad ba.

Ban karanta mata ba. Na buga takardar, na karanta gaisuwa, na ƙara da cewa kina ba da haƙuri, na ninke na sa a aljihun rigata. Ƙarya na yi don in rufa miki asiri, Allah ya yafe min.

Jikinta da sauƙi, sai dai tana wasu abubuwa da ban gane ba. Jiya ta sa Bilƙisu ta auna shinkafa kashi goma, aka kai gidaje goma a unguwar masunta. Na ɗauka sadakar marigayi ce. Yau da hantsi kuma aka neme ta aka rasa, sai ga ta a bakin kogi, zaune a kan wani dutse bayan kasuwar kifi. Matar da shekara ashirin da shida ko hanyar ba ta bi. Na tambaye ta, ta ce in kama gabana.

Hukuncina yana nan. Ki zaɓi bas.

Yayanki,
Ghazali

*

Riyad, Alhamis 25 ga Disamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gai da kowa.

Na zaɓi bas. Ka yi nasara, sai ka sa a buga maka ƙararrawa.

Ba don hukuncinka na yi ba. Na zauna da wayar a hannuna, yatsana a kan hoton jirgin, na kasa dannawa. Ba zan iya shiga ruwa da bakin uwa a kaina ba, ga 'yata a gefe. Sumayyah ta tambaye ni dalili, na ce Kaka ba ta so. Ta ce, "Ya'ani saboda kalma ɗaya?" Ta ninke kayan iyonta ta sa a ƙasan akwati, ta daina yi min Hausa gaba ɗaya. Ta ce harshe ne da in ka yi kuskuren harafi ɗaya sai a ƙwace maka teku. Ban tsawata mata ba.

Wurin iyo kuwa ba zan cire ta ba, ko duk Yawuri za ta rubuto.

Ka gaya wa Inna na bi. Kada ka sake ce mata na ba da haƙuri kan abin da ban ba da ba.

Rahma

*

Yawuri, Litinin 29 ga Disamba

Rahma, salamu alaikum. Bilƙisu ce ke rubutawa da wayarta, Inna ke faɗa. Ta ce kada in gyara ko kalma ɗaya.

Ina gaishe ki, ina gai da mijinki, ina gai da Balarabiyata.

Takarda shafi biyu, yayanki ya karanta ta kafin in gama kurɓar ruwa. Na tsufa, ban haukace ba. Na sa an ciro ta daga aljihunsa da zai shiga wanka, an karanta min duka.

Kin ce ba wanda ya sani. Wa yake tsefe miki kai? Ni nake fitar da yashin kogi daga kitsonki duk Juma'a. Na sani tun ranar farko. Ke na kau da kai, shi na tsare, don shi nake tsoron rasawa. Ke kika ɗauki shekara ashirin da shida kina cewa ƙafarki ce, ni ina nan ina cewa hannuna ne, ba wadda ta gaya wa 'yar'uwarta. Na yi fushi da ke da kika faɗa, har yanzu ma da saura. Amma ba ki yi ƙarya ba.

Rantsuwa na yi kaffararta, gida goma sun ci. Nonona halal ne gare ki duniya da lahira.

An ce sai jibi ake rufewa. Ki sauka daga bas ɗin nan ki hau kwale-kwalenki biyu. In kun shiga ruwa kada ki riƙe ta. Ki bar ta ta yi da kanta, ke ki bi ta a gefe.

In kun zo hutun damina, ta zo min da kayan iyon. Akwai yara huɗu a gidan nan da za ta koya wa, ubansu ya so ko ya ƙi.

Ki ba ta waya ranar Juma'a. Kuma ki gaya mata nutso ake cewa. Wanda ya yi nutso yana fitowa.

Allah ya yi muku albarka.

Innarki